Ruwan Kifi a Cikin Laftof

Felicity Kure zanen gidaje take yi. Ba ta da ofis, laftof ɗinta ce ofis ɗin. Magina da ƙananan 'yan kwangila sukan kawo mata girman fili, ta zana musu ɗakuna da ƙofofi da inda bututun ruwa zai bi. A Mpape take zaune, can saman tudu inda mota ba ta kaiwa, ita da mahaifiyarta da yayanta Godspower, direban tifa a wani wurin fasa dutse.

Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da ta sayi laftof ɗin a shagon Alhaji Ɗangoggo, wani Bakatsine mai sayar da kwamfutoci a Wuse. Ranar da ta saya, Saleh, mai kula da ciniki a shagon, ya matsa mata ta ƙara warantin shekara biyu daga ranar saye, ban da na kamfani.

"Madam, ki ƙara kawai," in ji shi. "Ko me ya same ta, ki kawo, sabuwa za a ba ki."

Ta ƙara. Ta ninke takardar ta jefa cikin kwalin, ba ta sake bi ta kanta ba.

Wata Asabar ƙafar Mama ta kumbura, amma ta ce sai ta je kasuwa, don an riga an sauke mata kifi. A kasuwar Kado take sayar da tarwaɗa da karfasa. Felicity ta ce to ita za ta tsaya a teburin, Mama ta zauna ta miƙe ƙafa. Ta tafi da laftof ɗin, saboda tana da aiki a hannu: zanen ƙaramin asibitin haihuwa na Sista Elizabeth, wata nas da ta yi ritaya ta koma garinsu Yangoji. Ranar Juma'a ta yi alkawarin kai mata.

Wajen sha ɗaya ciniki ya lafa. Ta ja benci gefe, ta ɗora laftof a kan wani kwali, ta buɗe. Tana cikin gyara faɗin baranda sai wani mai baro ya taho da lodin ƙanƙara, tayarsa ta faɗa rami, bakin baron ya daki ƙafar teburin Mama. Babbar robar da karfasa ke ciki ta kife. Ruwan, da ƙanƙara da ɓawon kifi da komai, ya sauko kan madannan laftof ɗin.

Skirin ya ɗauke. Felicity ta zare ɗankwalinta ta hau gogewa, ta kifa ta, ruwa na zuba ta gefe. Sai ta danna maɓallin kunnawa. Laftof ɗin ta kawo haske na ɗan lokaci, ta yi wata 'yar ƙara, ta mutu.

Mai baron yana ta ba da haƙuri, hannu biyu a ka. Ta dube shi, ta dubi silifas ɗinsa da aka ɗaure da waya, ta ce ya tafi.

Da suka koma gida da la'asar ta zaro kwalin daga ƙarƙashin gado. Takardar warantin shafi huɗu ce, da Turanci, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ta karanta sau biyu. In laftof ta lalace da kanta, laifin kamfani, za a gyara, in gyara ya gagara a sauya. In ta faɗi ta fashe bisa tsautsayi, za a sauya sau ɗaya. A shafi na uku kuma aka jera abubuwan da waranti bai ɗauka ba. Na farko shi ne ruwa ko wani abu mai ruwa-ruwa. Na biyu, ɓarnar da aka yi da gangan.

Godspower ya dawo daga aiki ya same ta zaune a dakali da takardar a cinya. Ya karɓa ya karanta, ya yi tsaki.

"To ai da sauƙi," in ji shi. "Faɗuwa suna biya, ko ba haka ba? Ki bar ta ta bushe kwana biyu. Litinin da safe ki sake ta daga kan matakalar bayan gida. Ki ce nakiyar da muka tayar yau ce ta girgiza ɗaki, ta faɗo daga kan tebur. Wa bai san Mpape na girgiza ba?"

"Broda, ai ƙarya ce."

"Ƙarya? Shi wanda ya ce miki ko me ya same ta, gaskiya ya faɗa? Kin biya kuɗinki. Kamfanin nan ko laftof ɗari suka bayar ba za su ji a jikinsu ba. Ke kuwa in babu ita, da me za ki ci abinci?"

Mama tana daga ƙofa, ƙafarta a cikin ruwan ɗumi. Ta ce, "Ni na jawo miki. Da na zauna a gida da duk haka bai faru ba."

"Mama, ba ke ba ce."

"To ni dai ruwa na gani," in ji ta.

Ranar Lahadi Felicity ta je coci ta dawo, ba za ta iya faɗin abin da aka yi wa'azi a kai ba. Maganar Godspower ce ke ta yi mata yawo a ka, don ba duka ce ba ta da kan gado ba.

Litinin da safe, bayan ya fita, ta ɗauki laftof ɗin ta zagaya bayan gida. Matakala ce ta dutse, hawa tara, ta gangara zuwa hanyar da mata ke bi ɗiban ruwa. Ta tsaya a sama ta riƙe ta da hannu biyu. Ta daɗe a haka. Duk zanen da ta yi a shekara guda yana ciki, har da na Sista Elizabeth wanda ba ta ajiye a ko'ina ba. Ita kanta ba ta san ko tsoron Allah ne ya riƙe hannunta ba, ko tsoron kada zanen ya tafi gaba ɗaya. Ta dai koma ɗaki, ta sa laftof ɗin a jaka.

A cikin mota zuwa Wuse wata dabara ta zo mata, wadda ba sai an fasa komai ba. Za ta ce tana cikin aiki ta mutu da kanta. Ai ta bushe. Ta goge ta tas da audiga.

A bayan shagon Alhaji Ɗangoggo akwai ƙaramin ɗaki na masu kawo gyara, da benci ɗaya da tebur mai gilashi. Aka ba ta fom. Ta zauna kusa da wata budurwa mai hijabi ruwan toka, wadda ke ta rubutu a waya da manyan yatsu biyu.

"Ke ma waranti?" budurwar ta tambaya.

"E."

"Allah ya ba ki haƙuri. Ni Zakiyya. Sati shida ke nan ina zarya."

Ta ba ta labari ba tare da an tambaye ta ba. Ɗaliba ce a shekarar ƙarshe. Keke Napep ɗin da ta hau ne ya taka burki, jakarta ta faɗi kan kwalta, skirin ya tsage gida biyu. Faɗuwa ce ta gaskiya, har da shaidu. Amma kamfanin warantin ya daina yarda da hoto. Yanzu kowace laftof sai an kai ta Legas sun buɗe da kansu, saboda bara mutane sun yi ta fasa tsofaffin nasu suna karɓar sababbi.

"Da kwana biyar ne a ba ka," in ji Zakiyya. "Yanzu ga ni ina rubuta furojet a waya. Babi na uku nake. Yatsuna har sun daina jin komai."

Felicity ta dubi fom ɗin. A layin da aka tambayi abin da ya faru, ta rubuta cewa tana aiki ta ɗauke da kanta. Ta sa hannu.

Mai duba kayan sunansa Badaruddeen, mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, da gilashi rataye a wuya. Ya karanta fom ɗin, ya karɓi laftof ɗin ya juya ta. Ya kai ta kusa da fuskarsa kamar mai duba lamba, ya ɗan tsaya. Sannan ya ajiye ta a hankali, ya ajiye sukudireba a gefenta.

"Malama, kafin in buɗe," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ko akwai abin da kike so ki gyara a fom ɗin nan? In na buɗe, hoto nake ɗauka, kuma nan take yake tafiya wurin kamfani. Ba na iya dawo da shi."

Ta dube shi. "In an buɗe me ake gani?"

"Akwai wasu 'yan fararen takardu manne a ciki. In ruwa ya taɓa su sai su koma ja, ko shekara suka yi da bushewa. In fom ya faɗi abu ɗaya, ciki ya faɗi wani, soke warantin suke yi gaba ɗaya. In kuwa an rubuta yadda aka yi, wannan karon ba za su biya ba, amma sauran wata takwas ɗinki na nan a kan duk abin da ruwan bai taɓa ba."

"Kai ba za ka iya..." Ta kasa ƙarasawa.

"Ana roƙona kullum," in ji shi. "Wasu har da abin goro. In na sa hannu a kan abin da ban gani ba, gobe wanda tasa ta mutu da gaske ya zo, hannuna ba shi da daraja a Legas."

Ta waiga. Zakiyya ta sunkuyar da kai kan wayarta, kamar ba ta ji. Felicity ta jawo fom ɗin, ta ja layi a kan abin da ta rubuta. A ƙasa ta rubuta: ruwan kifi ya zube a kanta a kasuwar Kado ranar Asabar, kuma na kunna ta tana jiƙe.

Badaruddeen ya karanta. "Tarwaɗa ko karfasa?"

"Karfasa."

"Na ce ko. Tarwaɗa ta fi haka ƙarni."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na biye. Ta share da bayan hannu. Da ta gama sai ta ji wani abu daban ya taso mata, ba kunya ba.

"To na faɗi tawa gaskiyar," in ji ta. "Ina mai shagon? Ina so in gan shi."

Alhaji Ɗangoggo ya shigo da carbi a hannu, dattijo ne siriri mai farin gemu. Ta gaishe shi, ta gaya masa komai, har da layin da ta soke.

"Alhaji, ranar da na saya ba wanda ya ce mini ban da ruwa. Ce mini aka yi ko me ya same ta. Da na sani, da ko kusa da kasuwar kifi ba za ta je ba. Ni an kama ni da magana ɗaya da na rubuta. Wanda ya faɗa mini waccan fa?"

Alhaji ya sa aka kira Saleh. Ya shigo yana murmushin ciniki, murmushin ya tafi da ya ga fuskoki.

"Kai ka ce mata ko me ya same ta?"

"Alhaji, ai yana cikin takarda. Kowa ana ba shi takarda."

"Ba takarda na tambaye ka ba."

Saleh ya sosa ƙeya. "Oga, haka kowa ke faɗa a layin nan. In ka tsaya lissafa musu ban da kaza ban da kaza, ba mai saye."

"Ni ma haka ya ce mini," in ji Zakiyya daga kan benci. "Da bakin nan nasa."

Alhaji ya ja carbinsa. Ya sallami Saleh, ya ce za su yi magana. Sannan ya juyo.

"'Yata, ba zan yaudare ki ba. Sabuwa ba ta hannuna. Kamfani ke bayarwa, kuma a kan ruwa ba za su bayar ba ko ni na je da kaina. Amma maganar da aka faɗa miki a shagona aka faɗe ta, to nawa ne. Badaru zai duba ta. Aikin hannu ba za ki biya ba. Abin da ya ƙone, yadda na saye shi haka zan ba ki."

"In ba ta tashi ba fa?"

"Sai mu sake zama."

Ba abin da ta zo nema ke nan ba. Ta yi godiya sama-sama, ta fito da jaka babu nauyi. A gida Godspower ya ji yadda aka yi, ya buga hannu a cinya.

"Ke dai! An ba ki hanya kin ƙi. Yanzu ga shi ba sabuwa, ba tsohuwa."

"Da na jefa ta ma sai sun buɗe," in ji ta. "Mutumin bai ko kwance sukuru ɗaya ba ya ji ƙarnin kifi."

"To da kin fesa turare."

Mama ta yi dariya har tana riƙe ƙafa. Shi ma daga baya ya yi.

Talata ta wuce ba labari. Felicity ta sayi takardar zane da fensir ta fara tuno asibitin daga ka, ɗaki bayan ɗaki, ko da za a ce komai ya tafi. Ta kai ɗakin haihuwa ta tarar ta manta inda ta sa tagogi.

Laraba da hantsi Badaruddeen ya kira. Ta same shi da laftof ɗin a buɗe, cikinta a waje, da ƙaramin buroshi da kwalbar sinadari a gefe. Ya nuna mata wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Wannan ne ya ƙone lokacin da kika kunna. Na sauya shi. Gishirin ruwan ya fara cin wasu wurare, na wanke. Madannan kam sun tafi, sai an kawo daga Legas, sati uku. Kafin nan ga wannan."

Ya jona mata wani tsohon kibod na kwamfutar tebur, babba, harafin A ɗinsa ya goge. Ya danna maɓalli. Skirin ya kawo. Ta karɓi linzamin kwamfutar, ta buɗe fayil ɗin. Asibitin Sista Elizabeth na nan, har barandar da ba ta gama gyarawa ba.

"Na gode wa Allah," ta ce. "Malam, na gode."

"Ki ajiye aikinki wuri biyu daga yau. Kuma in ruwa ya sake taɓa ta, kada ki kunna. Ki kife ta ki kawo."

Tana shirin tafiya Alhaji ya aiko a kira ta. Ya shimfiɗa takardar warantin a kan teburinsa.

"Shekara shida ina sayar da abin nan," in ji shi. "Jiya na sa aka karanta mini shi daga farko har ƙarshe. Ni kaina akwai abin da ban sani ba. Ke da kike tsara abu a takarda, in ke ce, yaya za ki faɗa wa mutum wannan kafin ya biya?"

Ta ja kujera. Suka yi kusan awa guda, ita da shi da Badaruddeen, suna gardama a kan kalmomi. Alhaji yana so a sa "tsautsayi", Badaruddeen ya ce ai ruwa ma tsautsayi ne, a nan rigimar take farawa. Daga ƙarshe suka tsaya a kan shafi ɗaya, da manyan haruffa, Hausa a sama, Turanci a tsakiya, Turancin buroka a ƙasa. In ta mutu da kanta, za a gyara ko a sauya. In ta faɗi ta fashe, za a sauya sau ɗaya, amma sai an kai Legas an duba, yana iya wuce sati shida. In ruwa, shayi ko lemo ya shiga, waranti ba ya biya. Felicity ta zana ƙaramin kofi a kife kusa da layin ƙarshe, saboda wanda ba ya karatu.

"Waccan yarinyar mai furojet fa?" ta tambaya da za ta tashi.

"Na ba ta aron wata tsohuwa jiya," in ji Alhaji. "Batirinta ba ya riƙe wuta, amma ta fi waya."

Ranar Juma'a ta kai zanen Yangoji kamar yadda ta yi alkawari, da kibod ɗin naɗe a zani a cikin jaka. Sista Elizabeth ta sa aka faɗaɗa ƙofa ɗaya don gadon marasa lafiya ya wuce, ta karɓi sauran yadda yake.

Sati uku suka zama huɗu kafin madannan su iso. Da ta koma shagon, shafin nan na manne a jikin gilashi, wani kuma a kan teburin ciniki. Saleh na tsaye da wani mutum mai kayan ma'aikatan gwamnati, yana karanta masa layi-layi, fuska ba walwala. Mutumin ya sa yatsa a kan kofin.

"Wato in yarana suka zuba mata shayi, shi ke nan?"

"Shi ke nan, oga."

Mutumin ya yi tunani. "Faɗuwa fa, ka ce sau ɗaya? To sa mini. Nawa sun fi yin jifa da zuba shayi."

Da ya tafi, Saleh ya dubi Felicity. "Madam, kin rage mini ciniki. Cikin goma yanzu shida ke saye."

"Masu dawowa da faɗa fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ba a dai fara ba tukuna."

A ɗakin baya Badaruddeen ya ce mata ta Zakiyya ta iso shekaranjiya, sabuwa a kwali, ta zo ta ɗauka har da kawo musu cincin. Ya ɗaura sababbin madannan, ya ɗaure sukurori, ya juyo mata da laftof ɗin.

"Gwada kowane harafi, kada ki tafi ki dawo."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, layi uku, da lambobin sama. Duka suka amsa. Ta zaro tsohon kibod ɗin daga jaka ta miƙa masa.

"Riƙe shi zuwa Litinin," in ji shi. "In ba abin da ya maƙale, sai ki kawo, akwai mai jiransa."

Ta mayar da shi jaka, ta yi masa sallama, ta fita neman motar Mpape.